Shafin Da Na Tsallake

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare lokacin da mai keken ya iso garinmu, wani ƙauye tsakanin Sabon Birni da Isa. Ƙarshen damina ne, gero ya yi tsawon da mutum zai tsaya a cikinsa ba a gan shi ba. Makarantarmu a rufe take, domin malamai sun daina zuwa saboda tsoron hanya. Aikina kullum shi ne in kai wa Baba abincin rana a rumfarsa ta gyaran keke, in zauna daga gefe in jira kwano. Ba na magana da kowa a can. Kallo kawai nake yi.

Ni na fara hango shi. Dattijo ne siriri mai furfura a gemu, yana tura keke tayar baya a kwance. A kan kariyar keken, bayan sirdi, akwai jakunkuna biyu, da tabarma naɗe, da buta ɗaure da igiya. Ya ɗaure ƙafar wandonsa ta dama da roba don kada sarƙa ta kama.

Ya yi sallama da Hausar da ba irin tamu ba. Ya ce daga Zariya ya fito, ya fi mako uku a hanya, ya bi ta Katsina ya shiga Maraɗi, ya gangaro Sabon Birni, yanzu Isa ya nufa.

"Bisa wanga keke?" in ji Baba. "Mi kaka sayarwa?"

"Ba na sayar da komai. Na ajiye aikin koyarwa ne, na ce bari in ga ƙasa kafin gwiwa ta ƙi."

Baba ya ce, "Malam, nan ba a yawon ganin ƙasa."

Duk da haka ya tura masa kwanon tuwo, ya cire tayar ya fara neman inda ta huje. Da baƙon ya wanke hannu sai ya ciro littafi mai baƙin bango da biro, ya tambayi Baba sunansa, ya rubuta. Na ga mai shayin da ke kusa da mu ya ajiye kofin da yake wankewa, ya bi ta bayan masallaci da sauri.

Kowa a garinmu ya san ɓarayin daji ba sa shiga gida da ka. Sai wani ya faɗa musu wane ne mai shanu, wane ne ya sayar da hatsi. Shi ya sa baƙo mai rubuta sunayen mutane ba ƙaramin abu ba ne.

Kafin facin ya bushe, samarin da ke gadin gari sun kewaye rumfar, su takwas, da sanduna da bindigogin gida. Shugabansu maƙwabcinmu ne, wanda aka ɗauke wansa daga gona bara, har yau bai dawo ba. Ya fizge littafin, suka tasa baƙon a gaba zuwa ƙofar mai gari. Baba ya bi su da man keke a hannunsa, ni kuma na bi Baba riƙe da kwano, don ban san inda za ni ba.

"Ranka ya daɗe, sunaye na cike," in ji maƙwabcinmu yana buɗe littafin. "Gari-gari, gida-gida. Bari in karanta maka."

"Ba kai za ka karanta ba," in ji Baba. "Ka riga ka yanke mai hukunci. Baƙona na, tuwona ya ci."

Mai gari ajami kawai yake karantawa. Ya dubi taron, ya ce a nemo yaro, yaro ba ya da gaba da kowa. Sai idonsa ya faɗa kaina.

"Ke ɗiyar mai faci, ba boko kika yi ba? Taho nan."

Ban taɓa buɗe baki a gaban maza haka ba. Na durƙusa a bakin tabarma, aka ɗora mini littafin a cinya. An zaunar da baƙon a ƙasa cikin rana, wani saurayi tsaye a bayansa da igiyar ɗaure akuya.

Rubutun mai kyau ne, irin na allon aji. Na fara a hankali, mai gari ya ce in ɗaga murya. Kowane shafi gari guda. A wani wuri ya rubuta yashi ya yi yawa, sai da ya tura keke. A Gangara ya ce ruwan rijiya na da daɗi. Sai sunan mutum: wane ya ba ni nono, wane ya yanka mini kaza, wane ya ba ni ɗaki. A ƙarƙashin kowane suna ya rubuta, Allah ya saka masa.

"Addu'a nake yi musu bayan kowace salla," in ji baƙon. "Mantuwa gare ni, shi ya sa nake rubutawa."

"Wanda ya yanka kaza shina da abin yankawa," in ji maƙwabcinmu. "Ke, ci gaba."

Ina da wata ɗabi'a tun firamare: idona yana riga bakina. Ina cikin karanta shafin hagu, na riga na gama na dama a zuci. A shafin daman ya rubuta cewa da hantsi ya tarar da mutum shida kan babura uku a gindin tsamiya, da bindigogi. Sun tsayar da shi, sun yi masa dariya, sun ba shi ruwa. Sun tambaye shi garuruwan da ya kwana da waɗanda suka sauke shi, ya faɗa musu. A ƙasa ya rubuta, Allah ya shirye su.

Na san in na karanta wannan, ba zai tashi daga wurin nan da ransa ba. Na kai ƙarshen shafin hagu, na lashi yatsa, na juya. Muryata ta ɗan sarƙe.

"Mi as same ki?" in ji maƙwabcinmu.

"Ƙishirwa," na ce.

Na ɗora daga shafi na gaba. Baƙon ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, ya mayar da kansa ƙasa. Shafin ƙarshe sunan Baba ne, bai ma samu rubuta addu'ar ba.

Mai gari ya ce, "Wanga ba mugu ba na, wawa na. Amma littahin ba ya hita garin ga."

A murhun mai shayi aka ƙone shi. Maƙwabcinmu da kansa ya riƙa tura shi cikin wuta da sanda, bai sake buɗewa ba. Baba ya mayar da tayar, ya yi mata famfo, ya ce wa baƙon ya bi babbar hanya, kada ya tsaya ko'ina sai Isa. Da zai hau ya ce mini, "'Yata, Allah ya yi miki albarka." Kafin la'asar gero ya rufe shi.

Bayan kaka wani ɗan kasuwa da ke zuwa Nijar ya tsaya rumfar Baba yana ba da labari: an shiga wani ƙauye an tafi da wani mutum da shanunsa. Ya faɗi sunan. Na san shi, ni na karanta shi a ƙofar mai gari, shi ne wanda ya yanka kaza. A shekarar an ɗauki mutane da yawa waɗanda ba su taɓa sauke baƙo ba, na sha faɗa wa kaina haka. Baba ya ce Allah ya kuɓutar da shi, ya ci gaba da ɗaure sarƙa. Ni kuwa na ɗauki kwano na koma gida, ban faɗa wa kowa ba.