Tabarmin da Na Shimfiɗa a Filin Jirgi

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Mamman, kuma har yau in an tambaye ni sai in ce jirgi ne ya faɗi da shi wajen sauka a garinmu Djougou. Gaskiya ce, amma ba ita ke nan ba.

Yaya ɗan kasuwar kaju ne, wato yazawa, a birnin Parakou, mutum mai gudun taro. Abokin cinikinsa, Musye Kosi, yana da ƙaramin jirgi mai kujera huɗu, shi ke tuƙa abinsa. Ranar da za su zo Djougou duba kaya, Yaya ya kira ni a waya ya ce, "Ƙanena, je ka filin jirgin da safe ka kore awaki, kuma kada ka gaya wa kowa."

Ni kuwa bakina ba ya riƙe labari mai daɗi. Ɗan gidanmu zai sauko daga sama, a ce ba tarba? Kafin hantsi na tara dattawan unguwa da makaɗa da mata da kwanonin abinci. Dattijo ba ya zama a cikin ƙaya, sai na nemi wurin da ya fi ko'ina kyau na sa aka shimfiɗa musu tabarmi. Wurin nan shi ne tsakiyar hanyar jirgin. Awaki dai na kore su tas.

Sai da Musye Kosi ya sauko ƙasa-ƙasa sannan ya gan mu. Ya yi ƙoƙarin ɗagawa, fiffike ya kama reshen ɗorawa, jirgin ya kife a gona. Yaya bai kai asibiti ba. Kafin jandarmomi su iso, na naɗe tabarmin da hannuna. A zaman makoki aka yi ta cewa matuƙin ne bai iya ba, ina zaune ina karɓar gaisuwa, ban ce uffan ba. Dattawan ma ba wanda ya tanka.

Da Yaya zai leƙo yau, zai tarar 'ya'yansa sun girma, ni kuma na zama Alhaji, har ana kirana raba gardama. Ban san da wane ido zai dube ni ba. Musye Kosi bai sake tuƙi ba, yana gyaran janareto a unguwar Guéma ta Parakou, yana ɗingishi. In na shiga birnin na hango shi a kasuwar Arzèkè, sai in shige layin masu atamfa don kunya.

Makon jiya na sa mai babur ya sauke ni a ƙofar shagonsa. Na fara kame-kame, ya katse ni.

"Alhaji, na ga tabarmin. Yayanka ma ya gani. Shi ya yi ihu ya ce in ɗaga, ƙaninsa na ƙasa."

Yaya ya bar shaguna da gida, amma ni wannan ihun ne gadona, kuma ban cancance shi ba. Ku ji daga bakina, mutanen Djougou: Musye Kosi ya iya tuƙi. Ni na tare masa hanya.