Rai-ɗoren Bayan Katanga

Malam Sule ya sauke tukunyar daga murhu, ya karkata ta bisa rariya, ruwan ya sauko a hankali, kore mai duhu kamar tafki a ƙarshen damina. Ma'aikatan safe sun riga sun jeru a bakin get, kowa da kofinsa.

"Baba Sule, yau ma babu sukari?" in ji Abubakar, mai kula da injin aske fata.

"Sukari yana gidan surukanka. Miƙo kofi."

Umar, mutumin Maraɗi, ya kurɓa ya runtse ido, ya girgiza kai. "Wallahi Baba, zazzaɓi ma in ya ji ɗacin nan sai ya koma garinsu."

"Kai ga shi kana sha kullum ba ka koma ba. Ka fi zazzaɓi naci."

Mai gadi ne Malam Sule a wata masana'antar jima da ke Challawa. A nan aka haife shi tun babu katanga, kuma inda manyan motoci suke juyawa yanzu, nan ne gonar gyaɗar mahaifinsa. Ya yi ƙuruciyarsa yana jan jiƙaƙƙun fatu daga rami zuwa rami, har bayansa ya ƙi, aka ba shi kujera a bakin ƙofa. Gadi kowa zai iya. Tukunyar nan ce ta sa ko manaja, in ya zo wucewa, yakan sauke gilashin mota ya gaishe shi. Ba ya karɓar ko sisi. Abin da yake so kawai a yamutsa fuska a ce an ji sauƙi.

Ganyen da yake dafawa kuwa rai-ɗore ne, tsiron da kakanni suke dafawa don zazzaɓi da ciwon ciki. Amma nasa daban ne. A bayan katanga yake, daidai inda magudanar masana'anta take fitowa da ruwanta mai shuɗi-shuɗi. Da bazara, lokacin da ko akuya ba ta samun abin ɗauka a ƙasa, rai-ɗoren Malam Sule yana nan shar, ganye fato-fato, yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Shi ya san dalili: albarkar ƙasar mahaifinsa ce.

Wata safiya Badi'a ta zo. 'Yar abokinsa ce, marigayi Gwadabe, wanda suka ja fatu tare. Yanzu tana digiri na biyu a jami'a, kuma bincikenta a kan rai-ɗore ne, ko da gaske yana kashe ƙwayoyin cuta.

"Ko da gaske?" Malam Sule ya ce. "Shekarun nan da kika yi a makaranta, wannan tambayar suka ba ki?"

Duk da haka ya kai ta bayan katanga da kansa. Ta sa safar hannu ta tsinki ganye, ta tono saiwa. Ta ɗebi ƙasa a leda, ta cika kwalba da ruwan magudana. Wannan ya faranta masa rai ƙwarai. Ashe har jami'a ta gane cewa sirrin a ƙasar yake.

Daga ranar hirar bakin get ta sauya. Duk wanda ya miƙo kofi sai ya ji cewa masana suna kan maganar. Abubakar ya fara kiransa Farfesa, Malam Sule ya yi kamar bai ji daɗi ba. A ɓoye ya kai babbar rigarsa wurin mai guga, don bai san ranar da 'yan rediyo za su iso ba.

Bayan damina Badi'a ta aiko a ce masa ya zo. Ya shiga ɗakin gwaje-gwajen da babbar rigar, yana takawa a hankali saboda santsin daɓe. Ɗakin sanyi ƙalau, ga wani ƙamshi irin na asibiti. Badi'a, sanye da farar rigar aiki, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ba shi kujera, sannan ta ɗauko wani ɗan faifai na gilashi ta ɗaga shi wajen haske.

"Baba, kun ga wannan dusu-dusun? Ƙwayoyin cuta ne muka shuka. Nan tsakiya na ɗiga ruwan ganyenku. Kun ga yadda kewayensa ya yi fes?"

"Sun gudu."

"Sun mutu."

Malam Sule ya gyara zama. "Maimaita, 'yata. Kunnen nan ba ya ji sosai."

"Sun mutu, Baba. Yana aiki."

Ya yi hamdala. Ya dubi ƙofa ko akwai wani da ya ji, babu kowa sai firji yana gurnani.

"Da sauran magana," in ji Badi'a. Ta ajiye faifan. "Na gwada na ƙauye ma, daga can wajen Dawakin Kudu. Aikinsu ɗaya."

"Waɗancan ƙananan? Haba!"

"Ɗaya ne, Baba. Bambancin shi ne naku yana shan ruwan magudana. Sinadarin da ake jeme fata da shi yana cikin ƙasar, yana cikin saiwar, ya hau har ganyen. Tafasawa ba ta fitar da shi. In ya daɗe yana taruwa a jiki, ƙoda yake taɓawa."

Malam Sule ya san sinadarin nan. Ya ga yadda yake mayar da fatar saniya shuɗiya ta ƙi ruɓewa har abada. Bai taɓa tunanin ganye ma yana jemuwa ba.

"Wato," ya ce a hankali, "ƙarfinsa ne ya yi wa mutum yawa."

"A'a, Baba. Gurɓata ya yi."

"Ai kusan duk ɗaya ne."

"Ba ɗaya ba ne."

Ya kalle ta. Taurin kan Gwadabe ne sak, har da yadda take ɗaure baki.

"Su Abubakar fa, da suke sha tun ba su yi aure ba?"

"A auna su. Ku ma a auna ku. Wataƙila babu komai, amma a daina daga yau. In kuna so, gobe in zo in yi musu bayani."

"Da farar rigar nan? A bakin get ɗina?" Ya girgiza kai. "Ni na zuba musu, ni zan faɗa musu. Umar zai yi shekara yana dariya, ya yi."

Ya miƙe yana dafa gwiwa, ya tattara hannun babbar rigar ya aza a kafaɗa.

"In na sare shi, ba zai sake tohowa ba?"

"Zai toho. Sai an tuge har saiwa."

"Har saiwa," ya maimaita. Ya ɗan tsaya. "In za ki rubuta, ki fara da cewa sun mutu."

"Da shi zan fara, Baba."

Ya ja ƙofar, ta ƙi. Badi'a ta ce turawa ake yi. Ya tura, ya fita.