Tana Alwala

Yaran yanzu suna danna waya sauti ya fito nan take. A zamanin Ɗan'azumi Mai Kwalba kuwa, sai an jira. Duk wanda ya taɓa zama a shagonsa na gyaran rediyo a bakin kasuwar Gwarzo ya san wannan. Zai kunna amfilifayar jitarsa, wato na'urar ƙara sauti, mai kwalabe biyu a ciki da ke yin ja kamar garwashi, ya ɗora bayan hannu a kanta. Kana buɗe baki sai ya ce, "Shiru, Alhaji! Alwala take." Sai kwalaben sun yi zafi ake gaisawa.

Na zauna Khartum, na zauna Abijan, na ga makaɗa iri-iri, amma ban ga mai taurin kunne irinsa ba. Amfilifaya biyu gare shi, mai kwalaben Rasha da mai na Ingila. Yini guda yana cire wayar jita daga wannan ya soka a waccan, tsirkiya ɗaya yake bugawa. Ta Rasha, in ji shi, namiji ce mai mura. Ta Ingila ita ce 'yar gidan mutunci.

Da na dawo daga Jidda na kawo masa tsarabar sabuwa fil, marar kwalba. Ya jona, ya buga sau ɗaya, ya yamutsa fuska.

"Alhaji, wannan ai muryar mai karɓar haraji ce."

"Haba Ɗan'azumi! Har takardarta na karanta, da Larabci da Faransanci."

"Bakinka ne ya yi yawon duniya. Kunnenka bai wuce Kara, kasuwar shanu, ba."

Kujera ya mai da ita. A kanta yake cin tuwo!

Lokacin tsuke bakin aljihu kwalabe suka ɓace ko a Kano. Sai ya koma farautar tsofaffin rediyo a kan keke. Tare muka je ta'aziyyar wani dattijo a Kabo. Aka shafa fatiha, sai na ji ya matsa kusa da babban ɗan mamacin: "Allah ya jiƙan Baba. To rediyonsa fa, tana da rai?" Wallahi na so ƙasa ta tsage. Da ita muka dawo a bayan keke.

Da Shari'a ta zo, kiɗan biki ya tsaya. Jita ta koma ƙarƙashin gado, 'ya'yansa suka kira mai sayen gwangwan ya zo ya kwashe amfilifayoyin ranar kasuwa.

Ana cikin haka azumi ya kama. Limaminmu ya tsufa, muryarsa ta sirance, na'urar masallaci kuma sai ƙara kamar ana yanka akuya. Masu sauraron tafsiri suka fara zamewa. Ana gobe kasuwa, bayan la'asar, sai ga Ɗan'azumi da 'yar Ingila a ka.

Ladan ya tare ƙofa. "Wannan da ta gama yi wa 'yan rawa hidima?"

"Tuba ta zo yi, Malam. Tambayi Alhaji sunan kwalbar nan da Turanci."

Na ce, "Tub."

"Ka ji! Tun a masana'anta aka umarce ta."

Liman ya yi dariya har da tari, ya ce a shigo da ita. Aka jona, aka kunna. Shiru. Samari suka fara ƙus-ƙus. Ɗan'azumi ya ɗora bayan hannu: "Alwala take."

Da ta tashi, muryar Liman ta fito da gurnani, don saitin jita ne. Ya rage maɓalli ɗaya, ya ƙara ɗaya, ya karkata kai. Sai ga murya cikakkiya, mai taushi, irin ta Liman yana ɗan arba'in. Har mahauta suka bar rumfa suka taho. Liman ya tsaya, ya ce, "Kai, wa ke magana?"

Washegari mai gwangwan ya koma da buhunsa wayam.

Ɗan'azumi bai ƙara buga jita a fili ba. Amma har yau ladan yakan kunna 'yar Ingila tukuna, sannan ya je ya yi tasa alwalar. Allah ya jiƙan Ɗan'azumi, ya sa duk harafin da ya bi ta kwalaben nan ya zama haske a kabarinsa.