Ƙyallayen Rigar Mawaƙiya

A shagon ɗinkinmu da ke unguwar Maourey akwai wata ƙusa a bango, daidai bayan keken Baba, wadda tsohon buhun shinkafa ke rataye a kanta tun ina rarrafe. A cikinsa Baba yake ajiye ƙyallayen duk yadin da ya yanka. Kowane mai kaya da ƙullinsa, an ɗaure da zare, kuma ba ya zubar da ƙulli sai mai rigar ya sa ta ya dawo ya ce ta yi. Ni kam na taso ina jin kunyar buhun nan. Ƙawayena in sun leƙo sai su tambaye ni ko katifa muke shirin cusawa.

Daga Maradi Baba ya zo Yamai da kekensa tun kafin ya auri Inna. Yayyena maza biyu babu wanda ya yarda ya zauna kan keke: ɗaya direba ne, ɗaya ya bi boko. Ni ce auta, ni kaɗai na zauna, kuma ba don an tilasta mini ba. Ina son aikin. Kullum da safe muna fitowa tare daga gida a Banifandou, shi da rediyonsa, ni da salulata. Ina ɗinki, ina kalmasa, ina aikin zare a wuya, har atamfar yara nakan yanka. Amma babban almakashin da ake yanka shadda da shi na Baba ne shi kaɗai. Na kai shekara ashirin da huɗu ban taɓa sa shi a shaddar kowa ba, kuma abin yana ci mini rai, ko da yake ban taɓa faɗa masa ba.

Ban da ɗinki, abu guda ne ya cika mini rayuwa, wato mawaƙiyata. A cikin taksi na fara jin muryarta, har na wuce inda zan sauka don waƙar ta ƙare. Tun daga ranar babu waƙarta da ban haddace ba. A shago kunne ɗaya na toshe da ita, ɗayan na bar wa Baba saboda aike. Shi a wurinsa duk wannan ihu ne da ganga. Inna kuwa takan ce babu ruwanta da shirmen ƴan zamani, amma sau nawa na kama ta tana tsince shinkafa tana amsa amshin, har da kaɗa kai.

Duk konser, wato wasan waƙa, da ta yi a garin nan na je. Da ƙawata muke zuwa, ƴar unguwar Kirkissoye, wadda mahaifiyarta ma'aikaciyar asibiti ce daga Dogondutsi. Ran Lahadi tana waƙa a cocinsu, sauran ranaku tana yi wa amare kwalliya. Mukan isa da wuri mu kama gaba, mu sayi gyaɗa da ruwan bisap mai sanyi, mu yi ta ihu har murya ta dushe. Sai dai yayin da kowa ke kallon rawa, ni riga nake kallo. An ce daga ƙasashen waje ake ɗinko mata kaya, kuma wannan yana ba ni haushi ƙwarai. Wani wuyan ma a karkace yake. Burina ɗaya ne a duniya a lokacin: in ga matar nan a kan dandali cikin rigar da hannuna ya yanka.

Sai ta yi aure, ta haihu, ta yi kusan shekara biyu ba a ganinta. Ranar da aka ce ta haihu har waina na saya na raba wa maƙwabtan shago, Baba yana kallona kamar wadda ta zautu. Da labari ya fito cewa za ta dawo da babban konser wata Asabar bayan la'asar, sai Allah ya sa ƙawata aka kira ta yi mata kwalliya. Ita kuwa ba ta iya riƙe baki ba, ta ba ta labarina kaf. Mawaƙiyar ta ce in ɗinka mata riga, in ta yi mata kyau za ta sa.

Ƙawata ta ce in ba ta metir ta auno mini ita. Na ce a'a. Yanzu in na tuna sai in yi dariya, amma a lokacin gani nake babu wanda ya san jikin matar nan kamar ni. Akwai wani bidiyonta da na kalla ya fi a ƙirga, kuma ɗaya daga cikin masu rawar da ke tsaye kusa da ita na taɓa yi mata ɗinki, awonta yana cikin littafina. Sai na riƙa tsayar da hoton ina gwada faɗin kafaɗar wannan da na waccan, ƙugu da ƙugu, har na fitar da awo cikakke. Na ji kaina ya yi girma da wannan dabara. Ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba cewa bidiyon ya girmi jaririn da na raba wa mutane waina dominsa. A idona ita ba ta canzawa.

Na sayi farar shadda da abin da na daɗe ina tarawa, na kai wa wata mai rini ta rina mini ita shuɗi mai duhu da ɗigon fari, irin da babu shi a kasuwa. Da na shimfiɗa ta kan tebur, Baba ya sauke tabarau ya dube ni.

"Kin auna ta?"

"Baba, na san ta."

"Ni dai ban yanka ma jikin da ban ɗora ma metir ba," ya ce. Sannan ya miƙo mini babban almakashin, ya ce tunda yadina ne in yi yadda na ga dama, amma in bar rara a cikin ɗinki ko da yatsa uku ne. Na ce masa ɗinkin yanzu kama jiki yake, rara tana sa riga ta yi tudu a gefe. Ya koma kan kekensa. Na yanka daidai wa daida, na share ƙyallayen na zuba a kwandon shara na bakin ƙofa, da gangan, don a san zamani ya canza.

Mako uku na yi a kan rigar nan. Aikin zaren wuya kaɗai ya ci mini kwana tara. Inna takan aiko mana da dambu da rana, in ci da hagu a ɓoye don kada mai ya taɓa shaddar, in ta ji labari ta yi ta faɗa. Ran Juma'a da yamma na goge ta, na naɗe, na ba ƙawata ta kai.

Asabar da hantsi sai ga ƙawata ta sauko daga kabu-kabu da leda a hannu. Tun kafin ta buɗe baki na gane. Ta ce mawaƙiyar ta ga riga ta yi ta santi, ta sa, amma fermatir, wato zif ɗin baya, ya ƙi rufuwa. Abin da ya rage ya kai yatsa huɗu. Mawaƙiyar ta ce a ba ni haƙuri.

Na zauna kan benci na fashe da kuka, ba kunya, a gaban mai sayar da maɓalli da ke maƙwabtaka da mu. Babu rara a ciki da za a saki. Babu irin yadin a kasuwa, mai rini kuma ko ta yarda ba ta gama sabo kafin la'asar, balle launin ya zo ɗaya. Kuma ba rigar kaɗai nake yi wa kuka ba. Sau ɗaya tak aka ba ni almakashin nan, ga abin da na yi da shi. Na san ba zan sake samun bakin roƙonsa ba.

Baba bai ɗago ba sai da ya kai ƙarshen kalmasar wandon da ke kan kekensa. Ya yanke zare, ya miƙe, ya sauko da buhun. Ya daɗe yana lalube, sannan ya ajiye wani ƙulli a kan tebur. Shuɗi mai duhu da ɗigon fari, an ɗaure da zare kamar na kowa.

"Ban ga mai rigar ta sa ba," ya ce, "balle ta ce ta yi."

Ashe ranar da na zubar, da na tafi sallah, ya bi kwandon ya tsince su ɗaya bayan ɗaya. Na kai hannu zan kwance ƙullin, ya dafe shi. Ya ciro metir ɗinsa daga wuya, wanda lambobinsa na farko sun goge don tsufa, ya rataya mini. Ya ce babu abin da za a taɓa sai na je na auno matar da hannuna.

Haka muka hau kabu-kabu biyu ni da ƙawata muka tsallake gada, don mawaƙiyar a gidan wata yayarta can hayin kogi ta sauka. Shekaru ina tsara abin da zan faɗa ranar da zan haɗu da ita, duk ya gudu. Na tarar da wata mata gajera zaune kan tabarma da zani ɗaurin ƙirji, yaro yana jan ɗankwalinta, tana cin kopto, kwaɗon zogale, a kwano. Da ba don ta yi magana ba da na wuce ta ina neman mawaƙiyar. Ta yi dariya ta ce kada in damu, tun da ta haihu babu rigarta ta da da ke shigarta, ita ma ta gaji da faɗa da su. Na ɗora mata metir a ɗarare, har ta ce in numfasa, ba ta cizo. Na auna ƙirji, na auna ƙugu, na sake aunawa, na rubuta a tafin hannuna don na manta littafi.

Da na dawo, Baba ya riga ya farke gefen rigar biyu ya goge ƙyallayen. Na ɗauka shi zai yanka. Sai ya tura mini almakashin ya ce ai aikina ne. Ƙyallayen ƙanana ne, babu mai tsawon da zai kai daga hammata zuwa ƙugu, dole muka haɗa uku-uku a kowane gefe. Shi yana riƙewa, ni ina yanka, kuma wannan karon na bar yatsa uku ba tare da kowa ya tuna mini ba. Inda aka haɗa kuwa na bi shi da farin zare, irin aikin wuyan, har ya zama kamar da ma haka aka tsara. Mun tsaya mun yi azahar, mun ci gaba. Ana kiran la'asar ƙawata ta fizge rigar daga ƙarƙashin dutsen guga ta tafi.

Na isa filin konser ɗin a makare, ban sami gaba ba, na tsaya kan wani dakali a gefe. Ta fito cikin wata jar riga. Ta yi waƙoƙi, ta shiga, ta fito cikin wata mai ruwan zinariya. Na ce shi ke nan, tausayina kawai ta ji da safe. Rana ta yi ƙasa, har wasu masu yara sun fara tafiya, sai makaɗa suka ɗauko waƙar nan da na fara ji a taksi, ta fito cikin shuɗi.

Wallahi ban ji waƙar ba. Duk filin yana amsawa, ni idona yana gefen rigar. Duk sanda ta ɗaga hannu sai in ce yanzu zai ɓarke. Ta ɗaga, ta juya, ta durƙusa, ta miƙe. Da ta gama sai ta kama gefen rigar ta ce wa jama'a wannan ɗinkin Yamai ne, na Maourey. Ba ta faɗi sunana ba, ina jin ma ba ta riƙe shi ba, kuma ko a jikina. Na yi ihu har wata mata da ke kusa da ni ta matsa.

Washegari muna zaune a tsakar gida, Baba ya ce in nuna masa abin a salula. Wannan ne karon farko da ya nemi ganin ihu da ganga da kansa. Bai kalli fuskarta ba. Ya ce in tsayar inda ta ɗaga hannu, in buɗa masa hoton, ya kawo shi kusa da tabarau ya daɗe yana duban ɗinkin hammata. Inna tana ta bayansa tana amshi a hankali.

"Ta ce ta yi?"

"Ta ce, Baba."

Ya miƙo mini salular ya ce to, yanzu ana iya zubar da sauran.

Ran Litinin ya riga ni fita, abin da ba ya yi. Da na shiga shago na ga an buga sabuwar ƙusa a bango, bayan kekena, da wani buhu wanke tas a rataye, babu komai a ciki. Babban almakashin yana kan teburina. Shi kuwa yana ta murɗa rediyonsa kamar tashar ta ɓace masa. Can wajen hantsi wata Hajiya da ta shekara goma tana kawo masa ɗinki ta shigo da shadda mai tsada, ta ajiye a gabansa. Ya nuna mata ni da haɓa.

"Kai ma ɗiyata," ya ce. Sannan ya juyo gare ni. "Ɗauko metir."