Malam Muhuyi da Igiyar Burtali

Malam Muhuyi Idris ba ya komawa barci bayan sallar asuba. Yakan sha kununsa, ya ɗaure wata tsohuwar jakar fata a bayan babur, ya fita daga Tiga kafin masunta su gama hawowa daga ruwa. Yau Bebeji, gobe Kiru, wani makon sai a ji shi can Doguwa. Haka ya yi shekara da shekaru yana horar da ma'aikatan sashen gona da dabbobi na ƙananan hukumomin nan, har ranar Alhamis ɗin da ta wuce da ya ajiye aiki. Ina cikin waɗanda ya horar, kuma ina ganin rashin adalci ne ya tafi gida shiru kamar wanda bai yi komai ba.

Aikin nasa ba mai daɗin faɗa ba ne. Ƙasashen ƙungiyar ECOWAS sun amince da ƙa'ida kan makiyayan da ke ƙetare iyaka: su riƙe takardar shaida, a yi wa dabbobinsu rigakafi, su bi burtali, su kuma hukumomi su bar musu burtalin a buɗe. Najeriya ta sa hannu. To amma sa hannun manya daban, abin da ƙaramin ma'aikaci ya sani a teburinsa daban. Mu dai a lokacin, in Bafulatani ya miƙo mana takardar nan, juya ta muke yi sama da ƙasa, mu mayar masa.

Mun saba da bita irin ta otal a Kano, a ci kaza, a yi gyangyaɗi, a karɓi takardar halarta. Malam Muhuyi ya ce shi bai san wannan ba. Sai ya baje mana takardu uku a kan tabarma, ta ECOWAS da ta ƙasa da tamu ta ƙaramar hukuma, mu karanta layi bayan layi, duk inda suka saɓa mu ja layi. Gyare-gyaren da muka fitar shi yake tattarawa ya aika sama, kuma ban taɓa ganin sunansa a jikin ko ɗaya ba. In an gama karatu sai ya ce, "To, a tashi. Dokar burtali da ƙafa ake karanta ta." Mun sha zaginsa a ciki, Allah Ya yafe mana, musamman masu tumbin cikinmu.

Kai ne, Malam, ka koya mana mu gaida makiyayi kafin mu tambaye shi takarda. Kai ne ka zaunar da mu gaban Ardo Kawu, tsohon da ya fi taswirarmu sanin hanyar shanu, muna rubutu yana faɗa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne da bazara, shekara shida da suka wuce. An ba mu aikin auna wani tsohon burtali da gonaki suka cinye, a kafa masa turakun siminti kafin saukar damina. A daminar da ta gabaci aikin an ji wa mutum biyu rauni a wurin, saboda shanu sun rasa hanya sun faɗa cikin dawa. Muna tafe da igiyar awo, Ardo Kawu yana nuna mana tsohuwar hanyar, gona bayan gona, masu gonakin suna biye da mu ransu a ɓace. Da muka iso wata gona da aka riga aka zuba wa taki, sai na ga Malam Muhuyi ya tsaya. Gonar yayansa ce, Lado, uwa ɗaya uba ɗaya. Igiya ta nuna kunya goma sha ɗaya cikin burtali suke.

Wanda bai san gidansu ba ba zai gane nauyin abin ba. Suna yara ruwan dam ɗin Tiga ya shanye garinsu, aka taso da su nan, aka ba ubansu wannan 'yar gonar. Lado ne ya bar allo da boko ya riƙe fartanya, don ƙaninsa ya yi karatu.

Lado ya zo ya tsaya a kan kunyar farko. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Muhuyi, ruwa ya ci gonar ubanmu muna kallo. Wadda ta rage kuma kai za ka ba shanu?"

Malam ya durƙusa har ƙasa, gaban ma'aikatansa. Ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Hanyar ta riga mu zuwa nan."

"Da dawar gonar nan aka kai ka makaranta."

"Na sani, Yaya. Wallahi ban manta ba."

Zan faɗi laifina a nan, don na gaji da ɓoye shi. Ni ne na matsa kusa na raɗa masa, "Malam, a ɗan karkata igiyar mana, wa zai sani?" Ya dube ni, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya ce, "Ga masu gonaki tara can mun ja igiya ta cikin gonakinsu. In na karkata ta a nan, gobe a Doguwa me zan ce wa wanda ba ɗan'uwana ba?" Ya karɓi diga daga hannun lebura, ya haƙa ramin turken da kansa. Ardo Kawu ya juya baya don kada ya gani. Daga nan har ƙarshen burtalin babu manomin da ya ƙara yi mana gardama.

Tun daga shekarar shanu ke wucewa ta wurin lafiya. Ko da Nijar ta fice daga ƙungiyar, shanu ba su ji sanarwar ba, suna nan suna bin hanyarsu. Amma Lado bai ƙara amsa gaisuwar ƙaninsa ba. Kowace Juma'a Malam yana zuwa ƙofar gidan ya yi sallama, a ce masa mai gidan ba ya nan, alhali ga takalmansa a zaure. Shekara shida. Wannan shi ne abin da aikin ya ci masa, kuma ba ya cikin kowane rahoto.

Malam Muhuyi, mai gaskiya ko a kan gida, mun gode. Allah Ya saka maka, Ya ba ka hutu mai albarka. Ku kuma 'yan'uwana ma'aikata, masu jiran a turo mana gyara daga Abuja, ku sani doka ba ta daidaita a takarda sai wani ya yarda ta fara ta kansa. In ba za mu iya duk abin da ya yi ba, mu fara da karanta abin da aka sa mu aiwatar.

Ranar walimar sallamarsa Lado bai zo ba. Abin ya tsaya mini a rai, washegari na je na same shi a gona yana sassabe. Na gaishe shi, na ce, "Baba, Malam fa ya ajiye aiki." Ya ci gaba da sassabensa. Can ya ce, "To yanzu me zai riƙa yi?" Na ce ban sani ba.

Ya share gumi da hularsa, ya dubi turakun nan. Ya ce, "Ka ce masa damina ta kusa, ni kuma bayana ya gaji. Ya zo da fartanyarsa. Abin da ya rage na gonar, ai da rabonsa a ciki."