Tumatirin Kawu da ya ƙi yin ciwo

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan manta da abin da Kawu ya yi mini a shekarar da nake digiri na biyu ba. Har yau in na ga tumatir mai kyau a kasuwa sai murmushi ya suɓuce mini.

Bincikena a kan bakteriya ne, ƙwayar cutar nan da ke sa tumatir yaushi ya mutu a tsaye. Wannan ƙwaya muguwa ce ta gaske. Tana da wasu 'yan allurai da ido ba ya gani, da ɗaya take tsira wa shuka dafi, da ɗayar take soke sauran ƙwayoyin da ke neman cin abinci tare da ita. Da furotin aka ƙera alluran, ni kuma aikina in auna yawansa a jikin tumatir mai ciwo. Idan akwai shi sai wani baƙin layi ya fito a takardar gwaji, gwargwadon yawansa gwargwadon kaurin layin.

Matsalar ita ce cikina ya tsufa, likita ya hana ni hawa hanya. Sai na tuna da Kawu, ƙanen mahaifiyata, da ke noman rani a wajen Bebeji. Yana cikin waɗanda ruwan madatsar Tiga ya taso tun yana yaro, kuma a duniya ba abin da yake alfahari da shi kamar gonarsa. Na aika masa da kula cike da ƙanƙara da 'yan kwalabe, na kira shi a waya na ce ya yanko mini guntayen jikin tumatirin da ya yi yaushi ya saka a ciki.

"Wanda ya yi yaushi, Kawu," na maimaita.

"Na ji, 'yata. Jami'a za a kai, ko?"

Na ce e. Da na san nauyin wannan tambaya a wurinsa, da ban amsa da sauri haka ba.

Kula ta iso, guntaye an yanka su tsaf. Na niƙa, na tace, na yi gwaji. Takarda ta fito fara fat. Na sake, haka. Malamin da ke duba aikina ya ɗaga takardar ya kalla, sannan ya kalle ni ta saman tabarau ya ce ko dai na gano bakteriyar da ta tuba ta ajiye makamai, ko kuma hannuna ne da matsala. Ɗalibai suka yi dariya, ni ma na yi, amma da na koma gida kuka na sha. Sinadarin gwajin daga waje ake kawo shi, abin da ya rage bai wuce na gwaji ɗaya ba. In wannan ma ya tashi a banza, shekara ta tafi ke nan.

Ana haka na haihu, na tafi gida wanka. Ina yin arba'in na goya jaririya na nufi gonar Kawu, don noman rani ya zo ƙarshe, an fara tumɓuke tumatir. Na tarar da shi ya sha babbar riga a tsakiyar gona, wai don ya ji "Likita" za ta zo. Bayan mun gaisa ya karɓi jikarsa ya yi mata wasa, na ce ya nuna mini inda ya yanko.

Ya kai ni wani layi kore shar, ko ganye ɗaya bai lanƙwasa ba. Ya dafa ƙugu ya ce, "Nan ne. Da hannuna na zaɓa."

"Kawu, ai mai ciwo na ce."

"Haba 'yata! In ɗauki gurgun tumatir in aika jami'a, manyan malamai su taru su ce ga gonar kawunki? In kunyata ki, in kunyata kaina? Ko baƙo aka yi, ai mai kyau ake zaɓar masa."

Na zauna a kan kunyar gona. Wato duk makonnin nan ciwo nake nema a jikin mai lafiya. Na daure na tambaye shi ina marasa lafiyar suke. Ya ce ai da ya ji zan zo ya tumɓuke su ya ƙone, don kada in tarar da gona da ƙazanta.

Nan hawaye ya zubo mini. Kawu ya rikice, ya durƙusa a gabana da babbar rigarsa yana tambaya wa ya mutu. Na yi masa bayani dalla-dalla, na ce in ban sami tumatir mai ciwo ba kafin a gama tumɓukewa, karatuna ya tsaya. Can sai na ga fuskarsa ta washe.

"Wai da gaske cuta kike nema? To tashi. Akwai wanda Allah ya hore wa."

Gonar taubashinsa ya kai ni, wanda suka shekara da shekaru suna gardamar wa ya fi iya noma. Tun daga nesa Kawu ya ɗaga murya: "Fito, yau ranarka ce! Jami'a na neman gonar da ta fi kowace lalacewa, na ce kada su wahala." Mutumin ya fito yana ramawa, amma da ya ji da gaske tumatirinsa za a kai Kano, da kansa ya riƙa zaɓo mini waɗanda suka fi langaɓewa. Wannan karon ni na riƙe wuƙa.

Na yi gwajin ƙarshe, na haɗa da ragowar guntayen Kawu. Layi ya fito baƙi ƙirin, mai kauri. A gefensa kuwa gurbin tumatirin Kawu fari fat, yadda ya saba. Malamina ya ce dama ana bukatar mai lafiya a gefe don a kwatanta, kuma bai taɓa ganin wanda ya kai wannan tsabta ba.

Da na kira Kawu na faɗa masa, tambaya ɗaya ya yi: "Wato na wancan ne mai ciwo, nawa ne mai lafiya? An rubuta?" Na ce an rubuta. Har Kawu ya koma ga Allah, taubashin nan bai huta da wannan magana ba.

Abin da na koya shi ne, in za ka aiki mai ƙaunarka ya kawo maka mummunan abu, to ka zauna ka gaya masa dalili, ko ka je da ƙafarka. In ba haka ba zai saurare ka da kyau, ya ce ya ji, sannan ya kawo maka mafi kyawun abin da ya mallaka. Allah ya jiƙan Kawu.