Ranar da Aka Haska Ƙafar Mama Hulda

Mama Hulda ƙanwar mahaifina ce, gwauruwa, manomiyar citta a Fadan Kagoma. Ba ta sa takalmi a gona, don a cewarta silifa yana hana ta jin inda citta ta kwanta. A coci ita ke buga tulu a Zumuntar Mata, kuma in mai ba da waƙa ta ɓata mata rai, sai ta ƙara sauri har kowa ya rikice.

Tabon ya fito mata a diddigen hagu, baƙi kamar an ɗiga kwalta. Ta ɗauka faso ne. Ta goge da dutse, ta shafa man kaɗanya, daga baya har da baƙin mai na inji. Tabon sai faɗi yake yi.

Ina can ƙasar waje ina karatu lokacin da wasu likitoci masu bincike suka zo wani ƙaramin asibiti kusa da Kafanchan da na'urar da suke gwadawa. Kanta kamar biro yake. Ana ɗora shi a kan fata, ya saki siririn hasken leza, hasken ya dawo da ɗan canji gwargwadon abin da ya tarar a cikin naman, kwamfuta ta karanta ta nuna ko akwai alamar ciwon daji. Zabiya suka fi nema. Amma Martina, nas ɗin wurin, 'yar Zumunta ce, ta daɗe tana ganin ɗingishin Mama, sai ta kawo ta.

"Mama, miƙe ƙafa, za a haska wurin," in ji Martina.

"Zai yi zafi?"

"Sauro ma ya fi shi cizo."

"To. Amma wannan likita yana cin abinci kuwa? Duba hannun shi kamar karan dawa."

Likitan bai yi dariya ba da ya dubi kwamfutar. Ya ce alamar ba ta da kyau, kuma na'urar a kan farar fata ta fi ƙwarewa, don haka dole a je Jos da wuri a yanki ɗan nama a tabbatar. Martina ta fassara mata duka, ba ta rage komai ba. Mama ta ce, "To, na gode."

Sai dai kalma ɗaya ta riƙe: an haska. Ta san wani dattijo, Baba Yafet, da aka kai Zariya aka gasa masa ciwon daji da haske ya dawo da ƙafarsa. Kuma tun tana yarinya take ji a coci cewa inda haske ya shiga duhu ba ya zama. Ranar Lahadi ta tashi ta ba da shaida cewa Ubangiji ya aiko haske daga nesa ya taɓa ƙafarta. Ta taka rawa a kan diddigen, mata suka yi guɗa. Martina ta bi ta gida tana roƙon ta je Jos. Mama ta ce wanda ya ba da shaida ya koma asibiti, ya ce wa Allah rabin aiki ya yi ke nan. Ruwa ya sauka, shukar citta ta zo, maganar Jos ta mutu.

Da na dawo a Kirsimeti, warin ne ya fara tarye ni. Ta naɗe ƙafar da tsumma, ga kaluluwa ta kumbura mata a matsematsi.

"Mama, wancan hasken gani kawai yake yi," na ce mata. "Kamar tocila."

"Tocila? Nathan, mutum zai shiga jirgi ya zo Kafanchan don ya kawo mani tocila? Wane irin haske ne zai ga ciwo ya bar shi a wurin?"

Da ƙyar ni da 'yarta Faustina muka kai ta Jos. Likitoci suka ce ko an yanke ƙafar yanzu ba zai yi amfani ba, abin ya kai hanta. Suka ba mu maganin rage zafi.

Yanzu Martina ta daina cewa haskawa, dubawa take cewa. Mutane kuwa sukan ce in dubawa ne kawai, ai su ma suna da ido.

Mama tana kwance a gindin mangwaro, tana kallon Faustina na shanya citta. Daga coci ana jiyo tulu a hannun wata, Mama ta ce matar tana jan kiɗa kamar mai jin barci. Ba ta sake ba da shaida ba, ba ta kuma janye ta farko ba. Jiya da na gyara mata filo ta kama hannuna, nata ba nauyi.

"In masu hasken sun dawo," ta ce, "ka gaya musu wannan karo su bar shi ya daɗe. Wancan lokaci sun cire da wuri."